Ranar Da Malam Kalli Ya Ƙaryata Zanensa

Malam Kalli ba ya karya kumallo sai ya duba ruwansa. In ya dawo daga masallaci da asuba, kai tsaye yake wucewa wajen wata ƙaramar randa da ke kusurwar zaure, wadda ko jikokinsa sun san ba ta sha ba ce. Ruwan kogin Komadugu ne a ciki, an ɗebo an bar shi ya kwanta. Sai ya ɗiba a kofin gilashi ya ɗaga ta hasken ƙofa. In ya washe, ya yi hamdala. In da sauran laka, ya mayar, ya je ya sha kununsa da fuskar wanda aka yi wa laifi. Ruwan famfon unguwarsu ba ya tsoma buroshi a ciki, wai yana da ɗan kanwa, kanwa kuwa tana sauya wa launi hali. Daga nan sai ya shimfiɗa tabarma inda rana ba ta duka, ya jera buroshinsa, ya buɗe gwangwanin fenti, ya ɗora ganyen tattasai guda a kan farar takarda, ya zuba masa ido. Yakan daɗe a haka bai ɗiga komai ba, har matarsa Aliya ta leƙo ta ce, "Malam, ganyen nan dai ba zai yi maka magana ba."

Aikinsa ke nan tun ina sabuwar fitowa daga makarantar noma: zanen ganye da fentin ruwa. Ni Fatime, malamar gona, tare muka yi aiki a ofishin noma na nan Diffa har bana da ya yi ritaya. An yi masa walima daidai gwargwado. An jera kujerun roba, an sha lemo, an ce ya yi aiki tuƙuru, kamar yadda ake faɗa wa kowa. Shi kuma ya zauna yana murza hularsa a kan gwiwa kamar wanda ake karanta wa tuhuma. Duk cikin masu jawabi babu wanda ya ambaci gonar Ya Fanna. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ya Fanna dattijuwa ce da ta gudo daga wani ƙauye a gefen Bosso, ita da jikokinta, ta sauka a Gagamari. Bayan shekarun jiran taimako, wani manomi mai suna Grema ya ba ta aron fili a bakin ruwa, na shekara ɗaya. Ya ce in ya ga tattasai ta ci gaba da nomawa, in kuwa filin ya tashi a banza zai ba wani, don masu nema suna da yawa. Wannan gonar ita ce kaɗai abin da Ya Fanna ta riƙe. Saura ƙiris ta tumɓuke ta da hannunta, kuma zanen Malam Kalli ne ya ce ta tumɓuke.

Kafin in kai ga wannan ranar, sai na faɗi abin da zanen yake yi. Ganyen tattasai yana yin rawaya don dalilai daban-daban. Yana yi don yunwar taki, yana yi in ruwa ya yi masa yawa, yana kuma yi don wani ciwo da ƙananan ƙwari ke ɗauka daga wannan tushe zuwa wancan. Na farko da na biyu ana gyarawa. Na uku ba shi da magani, sai a tumɓuke a ƙone kafin ya tsallaka gonar maƙwabci. Bambancin a launi yake. Ganye mai yunwa rawayarsa sumul take, iri ɗaya daga tsinke har baki. Mai ciwo kuwa dabbare-dabbare yake yi, rawaya da tsanwa mai duhu sun cakuɗa. In na tsaya ina bayani da baki, kafin in juya baya rabin maganar ta zube. Amma in na bar wa ƙungiyar mata takarda mai ganye a jiki, kowace sai ta tsinko nata ta kara. A ƙarƙashin kowane ganye Malam yakan zana abin da za a yi: hannu yana barbaɗa taki, ko an toshe hanyar ruwa, ko hannu yana tumɓukewa ga wuta a gefe. Babu rubutu ko harafi ɗaya. Shi ya sa a fadamu ba a san shi da Kalli ba, Mai Ganye ake ce masa, kuma yawancin masu faɗin sunan ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Yaran yanzu sukan ce me ya hana a ɗauki hoto da waya. An gwada. Ka tsaya a tsakiyar gona da rana tsaka ka duba fuskar waya, in ka ga wani abu ban da inuwar hancinka ka zo ka gaya mini. Hoto kuma komai yake kwasowa, da ƙasa da ciyawa da ƙafar mai ɗauka. Zane kuwa abin da ake so ido ya gani shi kaɗai yake bari.

To amma kafin launi ya faɗi gaskiya sai an zaɓi kaya, a nan ne kuma Malam Kalli yake gajiyar da mutane. Ku tambayi Laminu mai kantin littattafai. In sabuwar takarda ta zo, Malam zai zaro falle ɗaya, ya ɗaga ta rana, ya shafa da bayan hannu, ya girgiza ta kusa da kunne ya ji kukanta, sannan ya jiƙa yatsa ya dangwala a kusurwa ya tsaya yana kallo. Wata rana ina tsaye Laminu ya ce, "Haba Malam, takarda za ka saya ko saniya?"

Malam bai ko ɗago ba ya ce, "Saniya in ta ƙi, yanka ta ake yi a ci. Wannan in ta ƙi fa?"

Shi a wurinsa takarda kamar ƙasar noma take. Akwai mai halin jigawa, da ka ɗiga ruwa ta shanye, launin ya mutu kafin ka ja shi. Akwai mai halin laka, ruwa ya tsaya a kanta yana yawo bai san inda zai zauna ba. Wadda yake nema tana tsakani: mai kauri, mai ɗan kaushi, wadda aka yi da auduga, ta riƙe ruwa daidai lokacin da zai kai buroshi ƙarshen ganye. Irin ta injin kwafi kuwa ko kallonta ba ya yi, don da ta ji ruwa sai ta yi kumburi ta lanƙwashe. In ya samu wadda ta yi masa, yakan jiƙa ta, ya miƙar a kan allo, ya manne gefen har ta bushe ta yi tsaf. Bayan ya gama zane sai Aliya ta hau keke ta yi wa takardar baki da ƙyalle ta kowane gefe, don hannun manomi ba hannun akawu ba ne.

Buroshi kuwa ba ya tara su. Akwai faffaɗa na gashin akuya don shimfiɗa launin farko. Akwai matsakaici na kanti, shi ma sai ya nemi a ba shi ruwa a kofi, ya tsoma, ya yarfe sau ɗaya. In bakin ya haɗe ya yi tsini, ya saya. In ya watse kamar tsohuwar tsintsiya, ya ajiye ya yi sallama. Na jan jijiyar ganye da kansa yake yi. Mahautan Diffa sun san shi. Kowa yana zuwa neman tsoka, shi gashin cikin kunnen saniya yake roƙo, su yi ta dariya su yanko masa. Ya wanke, ya jera silin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure da zare, ya cusa a cikin bututun gashin tsuntsuwar dinya. Na taɓa ɗaukar wannan buroshin zan nuna wani abu a kan taswira. Kallon da ya yi mini ranar har yau ina tuna shi.

Fenti shi ne babbar magana. Ba ya son na cikin bututu, don zafin garin nan yana busar da shi ya zama dutse tun ba a kai rabi ba. Ya fi son busasshe mai kama da alewa, wanda ake tasa da ɗigon ruwa. Irin akwatin nan mai launi barkatai da ake saya wa 'yan makaranta kuwa, yakan ce ado ne. Nasa kaɗan ne: rawaya iri biyu, ja iri biyu, shuɗi iri biyu. Fari ba ya amfani da shi, hasken takarda yake bari. Tsanwa kuma bai taɓa sayen haɗaɗɗe ba, da kansa yake gauraya shuɗi da rawaya, don ya ce babu kamfanin da ya taɓa ganin ganyen tattasan Komadugu. Kowane sabon fenti sai ya ci jarrabawa kafin ya taɓa ganye. Ya ja layi-layi a takarda, ya rufe rabi da katako, ya ɗora a kan rufin ɗaki ya bar wa rana har wata ya mutu. Wanda ya koɗe, jikoki sun samu abin wasa.

Sau ɗaya tak a rayuwarsa ya saki zane bai yi wannan gwaji ba. Shekarar da rikici ya yi tsanani ne, aka hana hawa babur, hanyoyi suka toshe, mu malaman gona muka kasa kaiwa ƙauyukan bakin ruwa. A daidai lokacin ne ciwon ganye ya ɓarke ta wajen Bosso da Toumour. Takarda kaɗai za ta iya zuwa inda ba za mu je ba, a cikin kayan matan da ke zuwa cin kasuwa. Shuɗin Malam kuwa ya ƙare ƙaf, mai kawo masa daga Kano ya daina zuwa. Sai ya sayi bula, wannan da mata ke sa wa fararen kaya, ya niƙa, ya kwaɓa da ƙaro da ɗigon zuma. Launin ya fito kyakkyawa, in ka gani ba za ka ce ba na kanti ba ne. Da ya miƙo mini takardun ya ce, "Madam Fatime, wannan shuɗin ban san halinsa ba. Su kai bana kawai. Da hanya ta buɗe mu karɓo su mu ba da na ƙwarai."

A wannan shekarar takardun sun yi aikinsu, gonaki da yawa sun tsira. Sai dai kafin hanya ta buɗe, ƙauyukan ne suka watse. Mutane suka bazu, wasu suka kafa bukkoki a bakin kwalta, wasu Gagamari, wasu ma ba a san inda suka nufa ba, takardu suka bi su. Da Malam ya sauko da gwajin da ya ɗora a rufi daga baya, sai ya tarar bular ta gudu ta bar rawaya ita kaɗai. Ya kawo ya nuna mini. Ni ma na gane. Duk ganyen da ya zana dabbare-dabbare, sannu a hankali zai koma rawaya sumul, irin ta mai yunwa, ga kuma hannu da wuta a ƙarƙashinsa.

Da wani ne, da ya ce ai ba laifinsa ba ne, yaƙi ne, kuma da ya yi gaskiya. Malam Kalli bai ce haka ba. Tun daga wannan shekarar, duk ranar kasuwa yana can tsakanin buhunan tattasai yana tambayar direbobi da dillalai da mata masu talla: wa ya ga takardar Mai Ganye a wani wuri? Wanda ya kawo tsohuwa, ya ba shi sabuwa. Babu wanda ya sa shi, ba a kuma taɓa rubuta wannan a cikin aikinsa ba. Har tsokanarsa ake yi, wai Malam ya ɓatar da 'ya'ya yana cigiya. Da yawa sun dawo. Wasu shiru.

Bara, bayan an yi dashe tattasai ya fara huda, wani direban motar Gagamari da ake kira Ɗan Azumi ya tsaya a ƙofar ofishinmu da safe, bai ko kashe mota ba. Ya ce, "Malam, akwai wata tsohuwa can wajenmu da irin takardarka. Tun jiya take cire tattasanta tana ƙonewa. An yi an yi da ita, ta ce takarda ce ta ce."

Ban taɓa ganin Malam yana sauri ba sai ranar. Ya kwashi gwangwanin fenti da buroshi da takarda, ya manta hularsa a kan tebur. Muka shiga gaban motar. Duk tsayawar da aka yi a shingen bincike, sai ya leƙa ta taga ya dubi hanya.

Tun daga nesa muka hango hayaƙi. Gefen gabas na gonar ya zama fili, sai ramuka. Ya Fanna tana duƙe a cikin fangali, zane ɗaure a ƙugu, tana tumɓukewa tana jifa a kan tsibi. Muka yi sallama, muka gaisa, rabi Kanuri rabi Hausa. Na duƙa na duba. Ganyen ƙasa ne suka yi rawaya sumul, na sama lafiyarsu lau, babu ko ƙwaro ɗaya a bayan ganye, ƙasar kuma ta jiƙe sharkaf. Na ce, "Ya Fanna, tattasanki ba ciwo gare shi ba. Yunwa yake ji, ruwa kuma ya yi masa yawa. Ki dakata."

Ta miƙe da ƙyar ta dube ni. Ta tafi gindin wata bishiya ta ɗauko takarda a naɗe cikin tsumma, ta warware, ta tsinko ganye ta kara. Wallahi kamar an tsaga kara. Ta ce, "'Yata, ke kin ce yunwa. Wannan ta ce wuta. In na bari ya shiga gonar mutane, ni baƙuwa, da wane ido zan dubi Grema?"

Malam ya matso ya ce, "Ya Fanna, ni na zana takardar nan."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, tsoho ba hula, gumi ya jiƙa masa riga. Ta ce, "Kai ne Mai Ganye?"

"Ni ne. Kuma na zo in gaya miki ta daina faɗin gaskiya."

"Takarda tana tsufa ta koyi ƙarya?" Ta girgiza kai. "Malam, kai yau na fara ganin ka. Wannan kuwa tun muna gida take tare da ni. Shekarar ciwo ita ta cece ni, na cire kaɗan, saura ya tsira. Ranar da muka gudu ban ɗauki tukunya ba, ita na cusa cikin tabarma. Duk inda muka sauka, a jikin zana nake rataye ta. In kai ne ka yi ta, me ya sa za ka zo ka ɓata ta?"

Ta juya za ta koma fangali. A nan ne hankalina ya tashi, don na san in muka bar wurin, kafin la'asar babu sauran gona. Ni ina da ilimin ganye, amma ba ni da abin da zan ɗora a kan takardar da ta yi gudun hijira da ita.

Malam ya ce, "Ki ba ni izini in farke bakin ƙyallen nan, ɗan wuri kaɗan. In ban nuna miki komai ba, ni zan taya ki cirewa."

Ta dubi takardar. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro reza, ta ce, "Ni zan farke. Nuna mini wurin."

Ya nuna mata inda bakin ganyen ya shige ƙarƙashin ɗinkin Aliya, don dama manya yake zana su har su cika takarda. Ta yanke zaren a hankali ta ɗaga ƙyallen. Wurin da rana ba ta taɓa gani ba yana nan yadda aka zana shi: tsanwa mai duhu, dabbare-dabbare cikin rawaya. Malam ya ce, "Da can duk ganyen haka yake. Shuɗin da na sa ba na ƙwarai ba ne, rana ta cinye shi. Naki ba irin wannan ba ne."

Ya Fanna ta dubi ƙarƙashin ƙyallen, ta dubi ganyen da ke hannunta, ta sake duba. Sai ta waiwaya ta dubi gefen gabas, inda toka ke hayaƙi. Ta zauna a kan kunyar gona. Ni dai zuciyata ta karye, don na san kowane tushe a cikin tokar nan da hannunta ta dasa shi, da bokiti ta shayar da shi kafin a ara mata injin ban ruwa.

Malam ya durƙusa a gabanta, cikin laka, da girmansa. Ya ce, "Wancan da kika ƙone, hannuna ne ya ƙone shi. Ki yafe mini."

Ta ɗago ta dube shi. Ta ce, "Daga Diffa ka taso don ka faɗa mini ka yi kuskure?"

"Na daɗe ina neman ki. Ban san sunanki ba ne."

Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Tun da na bar gida, an ƙone, an kwashe, an kora. Babu wanda ya taɓa biyo ni ya ce ki yafe. Tashi, Malam, rigarka tana ɓaci."

Ranar bai bar wurin ba sai da ya zana mata sababbi a gabanta. Ya zauna a gindin bishiyar, aka tace masa ruwa da ƙyalle, ya shimfiɗa rawaya da faffaɗan buroshi, ya jira ta sha iska, ya bi da tsanwa da ya haɗa da shuɗi na ƙwarai. A wannan karon bai tsaya ga ganye ɗaya ba, ya ƙara tushe gaba ɗaya a gefe, don a ga ko daga ƙasa rawayar ta fara ko daga sama, ko da wata rana launi ya sake cin amana. Matan maƙwabta suka taru suna leƙe. Ni kuma na nuna mata yadda za ta rage ruwa, muka aika aka samo takin awaki. Da ya nemi ta ba shi tsohuwar takardar, ta ƙi. Ta ce abin da ya rage mata na gida ke nan. Sai suka shirya: ya ɗauki ja ya shafe hannun da wutar, ya mayar mata.

Da yamma Grema ya zo. Ya tsaya a gefen gabas ya dubi ramukan. Malam ya yi masa bayani, ya ɗora laifin duka a kansa. Grema ya ce, "Na ji, Malam. Amma ni ba takarda na ara wa fili ba. Sai mun ga kaka." Ya sa kai ya tafi.

Watannin da suka biyo baya, duk ranar kasuwa kafin Malam ya fara cigiyarsa sai ya nemi Ɗan Azumi ya tambaye shi launin ganyen Ya Fanna. Ɗan Azumi ya ce shi direba ne, tsanwa dai tsanwa ce. Sai Malam ya ja layuka a guntuwar takarda, daga mai haske zuwa mai duhu, ya ba shi ya ce ya kara ya gaya masa na nawa ne. Haka direban nan ya zama mai kai rahoto, kuma kowane mako yatsansa yana matsawa wajen duhu.

Lokacin tsinka na je da kaina. Abin da ya rage na gonar ya yi 'ya'ya, ba irin wanda ake ba da labari ba, amma an shanya ja a kan tabarmi har ya tsallake gindin bishiyar. Grema ya zo ya zaga, ya ɗauki guda ya matsa, ya shinshina, ya mayar. Ya Fanna tana tsaye ta riƙe bakin mayafinta. Ya dubi gefen da aka ƙone ya ce, "Toka taki ce. Baɗi ki fara dashe ta nan." Ya wuce abinsa. Sai da ya yi nisa sannan ta gane abin da ya ce, ta zauna a ƙasa tana ta hamdala. Da na kawo wa Malam labari ya yi murna ƙwarai, amma abin da ya fara tambaya shi ne ko abin da ta samu zai kai ta wata kakar, tun da gefe guda ya tafi a wuta.

Malam Kalli, Mai Ganye, na san in aka karanta maka wannan za ka ce na cika surutu, kuma ka san ba yau na fara ba. Kai ne ka yi shekaru kana sa mutane su yarda da takardarka, kai ne kuma ka tafi da ƙafarka ka rushe wannan yardar ranar da ta zama haɗari. Na ga masu gwaninta da yawa a aikin nan. Wanda zai bi abin da hannunsa ya yi bayan ya fita ƙofa, ya yi ta cigiyarsa shekara da shekaru don kada ya cuci wanda bai sani ba, kai kaɗai na gani. Mun gode. Na gode a madadin malaman gona da takardunka suka je mana inda muka kasa zuwa, na kuma gode a madadin wata dattijuwa a Gagamari da ke shirin dashe bana. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka wa Aliya da ta yi ta haƙuri da kai da randarka.

Ku kuma matasa masu sha'awar zane, zaurensa a buɗe yake. Ku je ku koyi yadda ake jin kukan takarda da yadda ake gwada fenti a rana, amma ku tsaya har ku koyi ɗaya abin. Haka tela, haka magini, haka mai haɗa magani, haka mu da muke ba mutane shawara mu hau mota mu tafi.

Saura roƙo ɗaya, don shi yanzu ƙafa ta fara gajiya, kasuwa kuma tana yi masa nisa. Har yau akwai sauran takardun shekarar bula da ba su dawo ba. Suna nan wani wuri, a cikin akwati ko a jikin zana, a hannun mutanen da suka yarda da su. In kuka ga takarda mai bakin ƙyalle, da ganye rawaya sumul, da hannu da wuta a ƙarƙashinsa, ku ce da mai ita kada ya taɓa ko tushe ɗaya. Ku naɗo ta ku tambayi gidan Malam Kalli a Diffa. Zai ba ku sabuwa, zai kuma tambaye ku sunan mai gonar, don ya san wanda zai ba haƙuri.